Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga NFF: ranar da Chiamaka ta ajiye safar hannu, wa za ta shiga raga?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, tare da 'yan kwamitinka da kuma shugabannin lig ɗin mata na NWFL, ina gaishe ku da kyau, ya aiki ya jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ni tsohuwar gola ce, na kama raga a ƙananan ƙungiyoyin mata har gwiwa ta ce ta gaji, yanzu kuma yara mata nake koya wa aikin a nan Kaduna. Wannan takarda ba da bakina ni kaɗai na rubuta ta ba, da yawun 'yan'uwana ne masu fama da horar da gololi mata a ƙananan kulob da makarantu, da su kansu yaran da suke faɗuwa a kan tsakuwa kullum da yamma ba wanda ya san sunansu.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutu shi ne murnar da aka yi a watan Nuwamba na 2025 lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta sake ba Chiamaka Nnadozie kyautar gwarzuwar mai tsaron raga ta Afirka a Rabat, karo na uku a jere bayan 2023 da 2024. Mu ma mun yi murna wallahi, yarana har hotonta suka sa a waya. Amma duk cikin saƙonnin taya murnar nan da suka cika intanet ban ga wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi yarinyar nan ta fito ba, ko kuma wace hanya aka share wa wadda za ta biyo bayanta. Ni kuma ra'ayina a fili yake, tsari bai haifi Chiamaka ba. Taurin kanta ne da baiwar da Allah ya yi mata da kuma sa'ar da ta yi ta faɗa hannun masu aikin a Faransa tun tana ƙarama. Ƙasa kuwa ba ta dogara da sa'a.

Bari in tuna muku tarihinta a gurguje duk da na san kun fi ni sani, don a kansa maganata ta tsaya. 'Yar Orlu ce a jihar Imo, an haife ta a Disamban 2000, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa mahaifinta da farko bai so ta buga ƙwallo ba. Ta shiga Rivers Angels ta Fatakwal tana 'yar shekara goma sha wani abu, ta je gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Faransa a 2018, a shekarar kuma tana cikin tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a Gana inda Tochukwu Oluehi ce ke raga. Sai 2019, gasar cin kofin duniya, bayan Norway ta zura mana uku a wasan farko aka ɗauko yarinya 'yar shekara 18 aka sa ta a gaban Koriya ta Kudu, muka ci 2-0, ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasa a gasar ba a ci ta ba. A shekarar dai ta je Rabat wasannin Afirka ta tare fenareti uku a fainal da Kamaru muka ɗauko zinare. Farkon 2020 Paris FC ta ɗauke ta, kuma daga nan ne duk mai ido ya ga canji. Yadda take fita ta ɗauke kurosin a sama, yadda take karɓar ƙwallo da ƙafa in 'yan baya sun mayar mata ba tare da ta rikice ba, yadda take tsayawa ba ta faɗi da wuri a fenareti, wannan duk aikin mai horar da gola ne na kullum, safe da yamma, da bidiyo da komai. Sakamakon kowa ya gani. Ta tare fenaretin Christine Sinclair a Melbourne a 2023 muka tashi canjaras da Kanada mai riƙe da zinaren Olamfik, Ingila ta yi minti 120 ba ta ci ta ba sai a bugun fenareti, ta dawo kulob ta tare biyu suka fitar da Arsenal daga share fagen Champions League sannan suka haɗa da Wolfsburg, a watan Mayun 2025 ta sake tare biyu suka ƙwace kofin Faransa a hannun PSG. Yanzu tana Brighton a Ingila, kuma ta zo ta huɗu a duniya a kyautar Yashin ta mata, wadda ake ba gwarzuwar gola ta duniya.

To ranka ya daɗe ka duba wannan jerin da kyau, shekarun da ta zama abin da ta zama a waje ta yi su. Mu a gida me muka tanada?

Kukanmu na farko kuma mafi girma shi ne rashin masu horar da gola a ƙasa, inda ake fara koyo. A yawancin ƙananan ƙungiyoyin mata da na sani koci ɗaya ne ke riƙe da kowa da komai, shi ne mai tsara wasa shi ne mai motsa jiki shi ne wani lokaci direba, kuma kusan ko yaushe tsohon ɗan gaba ne ko ɗan tsakiya wanda bai taɓa tsayawa a raga ba. Abin da yake kira atisayen gola shi ne a ƙarshen tirenin a jera yara su yi ta narka mata shot har magariba. Ba wanda zai gaya mata yadda ake sa hannu a bayan ƙwallo, ko yadda ake faɗuwa da gefen jiki ba da gwiwar hannu ba, ko taku nawa za ta fito don ta rage wa mai bugu kwana, ko yaushe za ta kama yaushe za ta nausa, ko yadda za ta yi wa 'yan bayanta magana. Yadda ake zaɓen golar ma abin takaici ne, wadda ta fi ƙiba ko wadda ba ta iya gudu ita ake cewa je ki raga. Ragar mata da ta maza girmansu ɗaya ne, mita 7.32 a faɗi mita 2.44 a tsayi, ba a rage mana ko taƙi ɗaya ba alhali yawancin mata ba su kai maza tsawo ba, ke nan mace ta fi namiji buƙatar a koya mata aikin ƙafa da tsayuwa da lissafin lokacin tsalle, don abin da tsawo bai ba ta ba sai dabara ta ba ta. Amma ita ce aka fi bari ba malami. Sai a zo kallon wasan mata a ga an ɗaga wa gola ƙwallo ta wuce ta saman kanta a fashe da dariya a ce ai mata ba su iya kama ƙwallo ba. Ba iyawa ce babu ba, ba a koya mata inda za ta tsaya ba ne.

Akwai wata yarinya da aka kawo mini, doguwa, mai zuciya, ba ta tsoron ƙafar kowa, ta daɗe tana kama wa wani kulob da ba zan ambata ba. Ranar da na fara aiki da ita na ga duk faɗuwar da za ta yi a kan ciki take sauka hannu a miƙe. Na tambaye ta wa ya koya miki haka, ta ce anti ai ba wanda ya taɓa koya mini, a talabijin nake gani. Kafaɗarta ta dama ta riga ta lalace tun kafin ta kai ashirin. Irinta suna nan da yawa, kuma gyara abin da jiki ya saba ya fi koyar da sabo wuya nesa ba kusa ba.

Sai maganar fili da kayan aiki, wannan ba sai na ja ta ba don kun san filayenmu. Ɗan wasan gaba zai iya koyon ƙwallo a kan kowace irin ƙasa, gola kuwa aikinta faɗuwa ne, in ƙasar tsandauri ce da tsakuwa to jiki da kansa zai ƙi faɗuwa komai zuciyar yarinya. Da rani a nan arewa gaban raga ya fi ko'ina tauri a fili. Mu yashi muke nema a zuba, ko mu tara buhunan dusar katako. Safar hannu mai kyau tsada gare ta kuma robar tafin ba ta daɗewa a irin ƙasarmu, shi ya sa za ka ga yara biyu uku suna karɓa-karɓa da guda ɗaya da aka samo a gwanjo, wata ma girman hannun namiji ce yatsu na yawo a ciki, daga nan ake samun targaɗe da gocewar yatsa. Kulob zai saya wa kowa riga da but ya manta gola tana da nata kayan daban.

Abu na gaba dokokin wasa, kuma a nan ina so ku tuna ranar 17 ga Yunin 2019 a garin Rennes. Muna riƙe da Faransa mai masaukin baƙi ba ci har wajen ƙarshen wasa, aka ba su fenareti aka kori Ngozi Ebere, Wendie Renard ta buga ta ɓarar, muna cikin ihu sai VAR, wato masu duba bidiyo don taimaka wa rafali, ta ce ƙafar Chiamaka ta bar layi kafin a buga, aka ba ta katin gargaɗi aka sake bugu, Renard ta ci, aka tashi 1-0. An yi ta zagin alƙaliyar wasa, ni ma raina ya ɓaci a daren, amma gaskiyar magana a farkon watan nan ne sabuwar dokar ta fara aiki cewa dole ƙafa ɗaya ta kasance a kan layi, kuma kyamara ba ta san tausayi ba. Doka ba ta daina canza wa gola ba tun 1992 da aka hana kama ƙwallon da ɗan'uwanka ya mayar maka da ƙafa. Ko a 2025 an sake, yanzu daƙiƙa takwas gola ke da ita ta saki ƙwallo, rafali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe, in ta wuce a ba abokan hamayya kwana. Ku je ƙananan filaye ku tambayi kocina da yaransu ku ji nawa ne suka san da wannan. Waɗanda suka sani a Facebook suka tsinta. Yarinya ba ta kamata ta fara jin doka ranar da aka hukunta ta da ita a gaban duniya ba.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna, wato magajiya. Najeriya ta yi sa'ar gololi mata tun farko, Ann Chiejine ta tsaya mana tun gasar duniya ta farko a Sin a 1991 har zuwa kwata fainal na 1999 a Amurka, Precious Dede ta karɓa ta je gasar duniya huɗu daga 2003 zuwa 2015, sai Oluehi, sai Chiamaka. Kowane zamani mutum ɗaya ce ke ɗauke da ƙasa a kai. Ku dubi gololi ukun da muka kai Ostireliya a 2023, Chiamaka daga Faransa, Oluehi wadda aka haifa a 1987 tana wasa a Turkiyya, sai Yewande Balogun wadda a Amurka aka haife ta aka horar da ita. Babu ko ɗaya daga lig ɗin gida. Kuma duk mun ji rigimar da ta tashi kafin tafiyar, koci Randy Waldrum ya fito ya ce an matsa masa ya ɗauki wata gola da bai taɓa ganin wasanta ba kuma an soke sansanin da ya so a yi a gida, hukuma kuma ta mayar masa da martani mai zafi ta ƙaryata shi. Ni ba zan shiga tsakani in ce wane ne mai gaskiya ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne son a ga 'yar gida a tawagar ba laifi ba ne, abin da ya kamata ne ma, amma ba a fafe gora ranar tafiya. In da tun shekara biyu kafin nan ana tara gololin lig ana aiki da su ana ba su wasan sada zumunta, da ba sai an roƙi koci ba, shi zai roƙa.

Matsalar raga daban take da sauran gurabe. 'Yar gaba ta biyu za a iya sa ta minti ashirin a ƙarshen wasa ta ɗan saba, gola ta biyu kuwa sai ta shekara a benci ba ta taɓa ƙwallo a wasan gaske ba, ranar da za a neme ta kuma ita ce ranar da ta ɗaya ta ji ciwo ko ta karɓi jan kati, wato rana mafi muni. Ga gasar duniya ta 2027 a Brazil na tafe. Allah ya kiyaye, ba fata nake ba, amma lig ɗin Ingila ba wasa ba ne, in Chiamaka ta samu rauni wata guda kafin gasa wace ce za ta shiga, kuma wasa nawa ta buga da manyan ƙasashe? In amsar tana buƙatar dogon tunani to aiki na nan a gabanmu.

Kuma ba wai babu yaran ba ne. Flamingos, tawagarmu ta 'yan ƙasa da 17, sun ɗauko tagulla a gasar duniya a Indiya a 2022 kuma da bugun fenareti suka fitar da Amurka, da shi suka doke Jamus a neman na uku. Falconets, 'yan ƙasa da 20, sun je fainal ɗin duniya sau biyu, 2010 da 2014. Duk waɗannan tawagogi da gololi suka je, uku-uku. Ana dawowa a yi musu liyafa a sallame su, daga nan kowa ta kama gabanta, wasu su koma kulob da ba mai horar da su, wasu su bari gaba ɗaya. Gola kuwa ba ta nuna da wuri, sai wajen shekara 27 zuwa sama take cika, tana iya kaiwa kusan 40 tana kamawa. Ke nan mu muna zubar da su ne daidai lokacin da ya kamata a fara gina su.

Maganar kuɗi ba na so in daɗe a kanta don duniya ta riga ta ji, amma ba zan tsallake ba. A 2016 Falcons, babbar tawagarmu ta mata, sun ɗauko kofin Afirka a Kamaru suka dawo suka ƙi barin otal a Abuja har sai da suka yi tattaki zuwa majalisa kan haƙƙinsu. A 2019 an sake zaman dirshan a otal a Faransa bayan Jamus ta fitar da mu. A 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku da Zambiya, kuma a wasan nan ƙwallo ta daki turke ta dawo ta bugi bayan Chiamaka ta shiga raga aka rubuta ta ci gida, muka dawo ba ko tagulla. A 2023 sai da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO ta fitar da sanarwa kan bashin alawus da ya faro tun 2021. Na san ba duka a zamaninka aka yi ba ranka ya daɗe, a Satumban 2022 aka zaɓe ka a birnin Benin, amma kujerar ɗaya ce kuma abin da ka gada naka ne. Na kuma ji daɗin abin da shugaban ƙasa ya sanar bayan kofin Afirka na goma da aka ɗauko a Rabat a Yulin 2025, lambar girmamawa ta ƙasa ta OON da dala 100,000 da gida ga kowace 'yar wasa, sun cancanta, wanda ya ga yadda suka farke biyu suka ci Maroko 3-2 a gidanta ba zai yi musu ba. Sai dai kyautar rana ɗaya ga mutum ashirin da 'yan kai ba ita ce za ta riƙe 'yar lig ɗin da ke bin albashin watanni ba. Kuma in ana bin manya bashi a bainar jama'a, me zan gaya wa uban da ya zo ya tambaye ni ko wannan abin da 'yarsa ke yi sana'a ce?

Rauni kuma shi ne ke kashe mana yara a ɓoye. Likitocin wasanni sun daɗe da tabbatar da cewa mata sun fi maza tsinkewar jijiyar gwiwa, gola kuma ga kafaɗa ga ƙugu ga yatsu ga karo da kai in ta fita ɗaukar ƙwallo a ƙafar mutum. Na ga yarinya ta yi karo ta suma a fili, aka yayyafa mata ruwan leda ta farfaɗo aka ce ta ci gaba don ba wata gola a benci. Na ga wadda gwiwarta ta tafi a wasan kulob, shugabannin kulob ɗin suka ba ta kuɗin mota suka ce ta je gida ta huta in ta warke ta dawo, iyayenta suka kai ta wajen mai ɗori, ba ta sake kama ƙwallo ba. Ba takardar kwantiragi balle inshora, wa za ta kai ƙara?

Ta ɓangarenmu na arewa kuwa, kai ɗan Zamfara ne ba sai na yi maka bayanin yadda iyaye ke kallon lamarin ba. Muna da Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola, amma in ka hau sama zuwa arewa maso yamma sai ka yi ta nema. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne raga ita ce ƙofa mafi sauƙi ga yaranmu, don gola tana da damar sa dogon wando da riga mai dogon hannu ba wanda zai ce mata komai, kuma tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, Nouhaila Benzina ta Maroko ma da hijabinta ta buga gasar duniya a 2023. Iyaye da dama da na zauna da su ba ƙwallon suke ƙi ba, tambayarsu ita ce wa zai kula da ita, mace ce ko namiji, ina za ta kwana in an yi tafiya, karatunta fa. In akwai mata masu horarwa rabin gardamar ta ƙare.

To ga abin da muke roƙo, kuma da gangan ban sa abin da ya fi ƙarfin hukuma ba.

A shirya kwas na horar da masu koyar da gola, na musamman ba wanda za a cusa cikin kwas ɗin koci na gama-gari a ba shi rabin yini ba, a riƙa yin sa duk shekara kuma a zagaya da shi shiyya-shiyya. Ba kowa ke da kuɗin zuwa cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa, NIS, a Legas ko zama otal a Abuja ba. A kawo shi Kaduna ko Kano, a kai Bauchi ko Gombe, a kai Jos, a kai Owerri da Benin, a ware gurabe kyauta ga mata tsofaffin 'yan wasa. Kuma a nemo su Ann Chiejine da Precious Dede da Oluehi su jagoranci abin da albashi mai mutunci, ba gayyatar sati biyu in gasa ta matso ba. Abin da ke kan matan nan ba a littafi yake ba.

A sa a cikin sharuɗɗan rajistar kulob na NWFL cewa dole kowace ƙungiya ta babban rukuni ta kasance da mai horar da gola mai takarda, da inshorar lafiya ga kowace 'yar wasa, da kwantiragi a rubuce wanda lig ke riƙe da kwafinsa. A kuma bi a duba da ido, don mun san yadda ake rubuta suna a takarda mutumin bai taɓa zuwa fili ba. Kulob ɗin da ya yar da 'yar wasa saboda rauni a hana shi rajistar sababbi sai ya yi mata magani.

A kafa sansanin gololi mata na ƙasa, ko sau biyu ne a shekara lokacin hutun lig, a tara na Flamingos da Falconets da fitattun na lig wuri ɗaya, a ajiye bayanan kowacce a riƙa bibiyarta ko bayan ta wuce shekarun tawagar. In Chiamaka ta zo hutu a roƙe ta ta leƙa ko na kwana biyu, ban yi zaton za ta ƙi ba. Sannan a nemo wa Falcons wasannin sada zumunta a duk lokacin da FIFA ta ware, a bar koci ya sa gola ta biyu da ta uku daga farko har ƙarshe ko da za a ci mu, kuma kada a kore shi don an ci mu a irin wannan wasan.

Duk sanda doka ta canza a fitar da bayani gajere da bidiyo cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka a tura wa hukumomin jihohi su raba wa kocina ta WhatsApp. Wannan ko sisi ba zai ci ba in aka kwatanta da kuɗin tafiyar jami'ai.

A cikin kuɗin raya ƙwallo da FIFA ke bayarwa a fito a faɗi nawa ne ke zuwa ɓangaren mata, a buga shi kowa ya gani, kuma a ware wani abu a ciki na safar hannu da kayan kariya da za a raba ta hannun hukumomin jihohi da sunan yarinya da sa hannunta. A yi magana da hukumar wasanni ta ƙasa ƙarƙashin Malam Shehu Dikko da gwamnatocin jihohi a bar yara mata su riƙa shiga manyan filaye masu ciyawa ko da awa biyu ne a sati, don filayen nan yawancin kwanaki a kulle suke.

Na ƙarshe, alawus ɗin tawagogin mata a rubuta yarjejeniya da 'yan wasa kafin kowace gasa, nawa ne kuma yaushe za a biya, a daina bari sai an kai ga zaman otal.

Muna roƙon a ba mu amsa a fili, ko da ta ce wannan za a iya wancan ba za a iya ba ga dalili. In kuma ana so a zauna da mu, masu wannan aikin a jihohi muna nan, hukumomin ƙwallon jihohinmu sun san filayen da muke atisaye.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Wassalam,
'Yar'uwarku mai horar da gololi mata, Kaduna.